Minti Goma Sha Tara a Hawa Na Uku

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Auta ce ta bar wannan littafin makarantar a kan tebur, rabinsa ba a yi rubutu ba, na ɗauke. Ba ni da wanda zan gaya wa. Wadda nake gaya wa komai ita ce maganar ta shafa.

Yau an manna takarda a ƙofar sito. Daga ranar Litinin mu masu gyaran ɗakuna mun daina shiga ɗaki bibbiyu. Kowacce za ta riƙe nata ita kaɗai. An soke albashin wata, ɗaki za a riƙa biya, duk Asabar. Bayan mako uku za a duba, wadda ba ta kai ɗaki goma sha biyu a rana ba, otal ɗin "ba zai iya riƙe ta ba". Haka aka rubuta, sai ka ce otal ɗin ne abin tausayi.

Yaya ta manta tabarau a gida, ni na karanta mata. Ba uwarmu ɗaya ba, ba garinmu ɗaya ba, amma shekara goma sha bakwai muna tura keken kaya ɗaya a hawa na uku, kuma tun ranar farko Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce Ƙanwa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Sha biyu? Mace ɗaya? Ina suka samo wannan lissafin?"

Na ce ban sani ba.

Na sani.

Alhamis, hutun rana

Muna cin abinci a matakalar baya, kusa da ɗakin wanki, daga kula ɗaya. Yau ta ture mini naman gabana kamar kullum, na kasa haɗiye shi.

Bari in rubuta yadda muke aiki, tunda saura kwana uku ya zama labari. Ni nake yaye gado, in ɗaga katifa, in wurga zani, ita ta cafe ta ɗaya ɓangaren ba tare da ta duba ba. Ni nake ɗaukar bokiti da damin tawul. Ita ke da banɗaki da madubi da duk abin da ido ke raina wa: gashi ɗaya a bakin baho, shatin kofi a kan tebur, ƙura a bayan talabijin. Tana shiga ɗaki ta ja hanci sau ɗaya ta ce an sha taba a nan, ko an ɓoye ɓawon lemo a ƙarƙashin gado, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Ni kam in aka bar ni, guguwa ce, in shiga in fita.

Shekara huɗu ke nan kafaɗarta ta dama ba ta ɗaguwa sama da ƙirji. Babu wanda ya sani a ofis. Ko Shugabarmu ba ta sani ba. Duk safiya a sito nake shafa mata man zafi, mu rufe ƙofa kamar masu ƙulla wani mugun abu, mu fito muna dariya.

Da hannu ɗaya ba a ɗaga katifar otal. Wannan shi ne abin da ke hana ni cin abinci.

Juma'a, ƙarfe shida na safe

To, zan rubuta.

Talatar makon jiya Yaya ta je asibiti da safe. Sababbin masu otal ɗin sun turo wani mutum mai yawo da agogo a wuya da allo a hannu, mun sa masa Mai Agogo. Ya same ni ni kaɗai a ƙofar 304. Ya ce, "Mama, wai ku nan ɗaki ɗaya sai mata biyu? A inda na fito mace ɗaya ke gamawa a minti talatin. Amma fa su matasa ne."

Matasa ne. Da wannan kalmar ya kama ni. Ni da aka san ni a gidan nan, wani ɗan jiya zai zo ya auna ni da agogo? Na ce, "Danna abin naka."

Minti goma sha tara. Na fito ina haki, kaina ya kumbura, ina jira ya yaba. Ya kuwa yaba. Ya rubuta a allonsa. Sannan ya yi mini wata tambaya, na ba shi amsa, muka yi dariya ni da shi.

Amsar ba zan rubuta ta yau ba.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An bar ni a hawa na uku, an kai Yaya hawa na huɗu. Na wurga zani sau biyu kafin in tuna babu mai cafewa.

Ni sha biyar. Ita bakwai. Shugaba ta rubuta a allon sito inda kowa zai gani.

Talata, da yamma

Ni sha biyar. Ita bakwai.

Laraba, hutun rana

Na samo dabara. Ina gama ɗaki uku in haura ta matakalar baya, in ɗaga mata katifu in shimfiɗa, in sauko a guje. Da ta gan ni ta ce, "Ƙanwa, za ki kashe kanki." Na ce ta yi mini shiru ta kama bakin zanin. Rabin awa muka koma kamar dā. Har ta tsokane ni wai kusurwar gadona kamar kunnen jaki, na ce ai jakin ne ke ɗauke da ke shekara huɗu. Ta yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Ita goma yau. Saura biyu.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Shugaba ta kama ni a hawa na huɗu da zani a hannu. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce a hankali, "Ni ma an ɗora mini ido. Duk wadda aka sake gani a hawan da ba nata ba, za a cire ɗaki biyu daga nata, biyu daga na wadda ta je wa." Yaya ta karɓi zanin daga hannuna ta ce, "Sauka. Kada in ƙara ganin ƙafarki a nan."

Ita shida.

Asabar, 14 ga wata, bayan la'asar

An biya. Abin da na samu a mako ɗaya ya kusa rabin tsohon albashina na wata. Ban taɓa riƙe irinsa a kwana shida ba. Na cusa ambulan ɗin a jaka da sauri kamar na sato. Yaya ta buɗe nata a gabana, ta leƙa, ta rufe, ta ce, "Allah ya sa albarka," ta tambaye ni ko Auta ta warke daga tari.

Mata uku sun ajiye aiki da kansu yau, ba su jira allo ya kore su ba. Dā mu goma sha huɗu ne.

A ƙofar baya mun tarar da wata mata da takardu, ta ce daga ofishin ƙididdiga take, suna bin otal-otal da gidajen abinci suna tambayar albashi. Mai ladabi ce. Ta tare ni saboda ina cikin kayan aiki. Nawa kike samu bara, nawa yanzu? Na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Kai, madalla, an samu ci gaba." Su ukun da suka ajiye aiki sun riga sun mayar da kayansu, sun wuce ta gabanta da zanensu na gida, ko kallonsu ba ta yi ba. Yaya kuwa ta ce mata tana sauri.

Lahadi, da hantsi

Baban yara yana kwance da rediyonsa a ƙirji, sai ya ƙwala mini kira daga ɗaki, "Zo ki ji, ana maganarku!"

Wani masani ne. Ya ce idan ana so a san lafiyar tattalin arziki, a duba albashin ma'aikatan otal da gidajen abinci da wuraren shaƙatawa, domin mutum ba ya zuwa irin wuraren sai aljihunsa ya yi rara. Ya ce a wata shidan nan albashin ya yi ta hawa, alamar mutane sun fara numfasawa ke nan.

Baban yara ya ce, "Ashe da ma'aunin ƙasa nake zaune ban sani ba. Daga yau in na ga kin sayo nama sai in ce a saki jiki." Yana nufin ya sa ni dariya ne, bawan Allah. Na koma kicin.

Da masanin zai zo hawa na uku da na nuna masa nawa ma'aunin. Shekarun baya baƙo kan bar ɗan canji a ƙarƙashin filo, ya bar rabin abincinsa a faranti. Yanzu baƙi da burodinsu suke zuwa, su kwashe sabulu da takardar banɗaki, mutum huɗu a ɗakin mutum biyu. Rabona da ganin canji a ƙarƙashin filo tun kafin a yaye jikata. Albashina ya hau, gaskiya ne. Na matan nan uku aka zuba mini a ciki, da rabin na Yaya. Shi wannan ba ya fitowa a rediyo.

Talata, 17 ga wata, hutun rana

Ta daina zuwa sito da safe. Man zafin yana aljihuna. A matakala ta ci loma uku da hannun hagu, ta ce ta ƙoshi. Hannun daman yana ajiye a kan cinyarta.

Na ce, "Yaya, mu raba kuɗin nan biyu kamar yadda muka saba raba aiki."

Ta ce, "Ni ba bara na zo yi ba, Ƙanwa. Aikina nake so."

Laraba

Ita takwas. Ta yi takwas da hannu ɗaya. Wallahi da ni ce ko uku ba zan yi ba.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Na yanke shawara. Zan je wurin Manaja da kaina. Ya san mu tun yana karɓar baƙi a kanta, Yaya ce ma ta ɗinke masa maɓallin riga ranar da aka ƙara masa girma. In ya ji gaskiya zai gane. Zan ce a bar mu mu biyu, a ba mu ɗaki ashirin da huɗu, a biya mu yadda aka ga dama.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa. Na yi bayani tiryan-tiryan. Na ce minti goma sha taran nan ƙarya ce, domin ban duba bayan talabijin ba, ban leƙa ƙarƙashin gado ba, baho ma ɗauraye shi kawai na yi. Na ce Yaya ce idon hawa na uku. Yana ta gyaɗa kai, ni kuma ganin yana gyaɗa kai sai bakina ya ƙara buɗewa. Na ce ba lalaci ba ne, kafaɗarta ce, shekara huɗu ni nake ɗaga mata, kuma ba a taɓa samun ƙorafi ba.

Ya daina gyaɗa kai. Ya ce, "Shekara huɗu?" Ya jawo biro.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba don a rubuta na faɗa ba." Ya ce kada in damu, zai duba.

Sirrin da na riƙe shekara huɗu, ni na ɗauke shi da hannuna na kai ofis.

Juma'a

An kira ta ofis ƙarfe goma. Ba ta zo matakala ba.

Asabar, 21 ga wata, da safe

Sun sallami Yaya, ba su ma bari makon ukun ya cika ba. "Saboda lafiyarta." Baba Mai Guga na ɗakin wanki ne ya gaya mini, shi ya karɓi kayan aikinta. Ya ce ta wanke su, ta goge, ta ninke, har ya rasa abin da zai yi musu. Ta bi ta ƙofar baya ina hawa na uku ina fama da wani baho.

Ya tsaya yana juya dutsen guga, ya ƙi kallona. Na ce Baba faɗi. Ya ce ƙofar ofishin a buɗe take, Shugaba ta ji komai. Yaya ta yi gardama, ta ce aikinta a ido yake ba a kafaɗa ba, a tambayi abokiyar aikinta. Sai Mai Agogo ya buɗe allonsa ya karanta mata abin da abokiyar aikin nata ta faɗa.

Ashe har wannan ya rubuta.

Asabar, da yamma

Ranar nan a ƙofar 304 cewa ya yi, "To in ke kaɗai kina yin haka, ita ɗayar me take yi?"

Na ce, "Hira take taya ni."

Wasa nake yi. Irin wasan da nake mata a gabanta kullum ta rama. Amma ba ta nan, kuma shi ba abokin wasanmu ba ne. Na faɗa ne don in ƙara jin daɗin yabon, gaskiyar ke nan, ba suɓutar baki ba ce. Na ji daɗin dariyarsa.

Na rubuta. Ban ji sauƙi ba.

Litinin, 23 ga wata

Na kira, ba ta ɗauka ba.

Talata

Na kira sau uku. Ɗaki sha shida yau.

Laraba, hutun rana

Baƙon 311 ya kai ƙara, ya ga gashi a baho. An cire mini ɗaki ɗaya. Ƙara ta farko a hawa na uku cikin shekara goma sha bakwai. Na tsaya a gaban Shugaba ina so in yi dariya, sai kuka ya zo. Ta rufe ƙofar sito ta bar ni na yi.

Wasu biyu ma sun tafi, mu takwas muka rage cikin tsofaffin ma'aikata. Kowa na gudu, ba mai gaida kowa a baranda. Sabuwar da aka ba hawa na huɗu ta tambaye ni yadda ake yin sauri, wai an ce ni ce gwana. Na ce ta tambayi wani.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Baban yara ya gaji da ganina haka. Ya ce, "Ke dai kin yi laifi, kin sani, na sani. Waya ba ta ba da haƙuri. Ki ɗauki ƙafarki ki je, in zagi ne ki tsaya ki sha." Na ce in ta ƙi buɗe ƙofa fa? Ya ce sai ki tsaya a ƙofar.

Zan je jibi.

Lahadi, 29 ga wata, bayan la'asar

Ta buɗe. Ta ma yi mini sannu da zuwa, ta share kujerar baƙi ta ce in zauna. Ni da nake shiga gidan nan in wuce kicin kai tsaye in buɗe tukunya. Ta kawo ruwa a faranti, da kofin gilas. Ta ce, "Ya gida, Maman Auta? Ya maigidan? Ya aiki?" Maman Auta, kamar maƙwabciyar da aka haɗu da ita a bakin famfo. Da ta zage ni da ya fi mini.

Ta rame. A tsakar gida ta shanya zannuwan gado na wasu mutane, ashe wanki ta fara karɓa a unguwa. Hadari ya taso, ta tashi kwashewa da hannu ɗaya, tana ja tana taimakawa da haƙori. Na miƙe na kama bakin wani zani. Ta ce, "Bari, za ki ɓata kayanki." Ta janye shi a hankali har ya fita daga hannuna.

Sai na durƙusa a nan tsakar gidan na faɗi komai. Minti goma sha tara, da zuwana ofis, da maganar. Na ce wasa ne, Yaya, kin san bakina. Na ce ki yafe mini.

Ta ce, "Tashi, ƙasa da datti. Na yafe miki tun ranar. Kafaɗar ma da kika faɗa, na san ceto kika je yi. Aikin kuma ko ba ke ba, da sun samu wata ta yi musu gudun."

Na fara jin sanyi a raina. Na ɗauka an gama.

Ta ci gaba da ninke zanin, ta danne shi da haɓa. Ta ce, "Abin da ya hana ni barci daban ne. Tun ranar nake komawa baya, ɗaki ɗaki, shekara shekara, ina tambayar kaina ko gaskiya kika faɗa. Ni dai na ɗauka aiki nake yi, Maman Auta. Na ɗauka mu biyu ne. Yanzu in na tuna wata rana da muka yi dariya, sai in ce ko a ranar ma ɗauke da ni kike, kina jira in gama surutu."

Na ce wallahi ba haka ba ne. Na gaya mata gashin 311, na ce ki gani, kwana huɗu kawai da tafiyarki. Na rantse, na sake rantsewa.

Ta ce, "To." Ta dubi sama ta ce gara in kama hanya kafin ruwa ya sauko. Ta raka ni har bakin titi, ta tsayar mini da mota, ta ce in gaida gida.

Litinin, 30 ga wata, hutun rana

Na zo matakala na zauna. Abincin mutum biyu na zubo, hannuna bai san na mutum ɗaya ba.

Ta yafe mini. Ba ta yarda da ni ba, kuma ba ni da wani shaida, domin duk shekarun nan mu biyu ne kaɗai a cikin ɗakunan.

Saura ɗaki bakwai kafin a tashi.